Ranar da Mama Ta Yi wa Katako Daɓe

Ladi, Ishaku, Godiya, wannan babin ku karanta shi a zaune, kada ku tsallake shi yadda kuke tsallake saƙonnina a waya. Na gama ba ku labarin ƙauye da na koyon kafinta, yanzu na iso wurin da na fi wata uku ina kewayewa. In na ɗauki biro sai in tuna ban ba kaji ruwa ba, in na dawo sai in ga ƙofar kicin tana neman ƙusa. Uwarku har ta tambaye ni ko cinnaku ne a kujerar. To, abin da zan faɗa gajere ne: ba uwarku ce ta kori kakarku daga gidan nan ba. Ni ne. Abin da kuka tashi kuna ji a bakin dangi, wanda ke Ladi kika taɓa jefa mata a fuska ranar da kuka yi cacar baki, ƙarya ce, kuma ni na bar ƙaryar ta girma tare da ku.

Abin ya faru ne bayan masaƙar da nake wa aikin kafinta a Kakuri ta rufe. Gidanmu na Unguwar Boro a lokacin an yi rufi, an sa ƙofofi, amma falo siminti ne tsirara. Ni kuwa zama ba ya karɓa ta. Mutumin da ya saba jin jiniya da asuba, ka ce masa ya zauna a gida yana kallon bango? Sai na tuna daɓen katako na gidajen manyan ma'aikata, wanda na sha gyarawa har na san halinsa kamar halin yarana. Na ce zan yi irinsa a falona, duk wanda ya shigo ya gani ya yi sha'awa, daga nan aiki ya samu. Na sayi madaci wurin masu yankan katako a wajen Kakau, na jera shi a rumfa ya sha rani biyu. Na yanka shi ƙanana ƙanana, kowane tsawon tafin hannu biyu, na shimfiɗa kwalta a kan siminti, na jera su suna cizon juna kamar ƙashin kifi. Sati shida ina kan gwiwa ina goge shi da sanfefa har ya yi sumul. Da na gama na narka kakin zuma da ɗan kananzir na shafe, na sa ɓawon kwakwa a ƙarƙashin ƙafa na goge har fitila ta fara ganin kanta a ƙasa.

Daga ranar nan gidan ya zama barikin soja, kuma kun fi kowa sani. Takalmi a bakin ƙofa, don yashi ɗaya a ƙarƙashin silifas ya isa ya ja layi. Ƙafafun kujeru duk na ɗaura musu guntun tsohuwar taya. Shara da tsintsiya mai laushi kawai. In miya ta zuba, a goge nan take da tsumma da aka matse har hannu ya yi zafi. Labule a sauke da rana kada katako ya koɗe. Babbar doka kuwa ita ce ruwa. Ruwa ba ya shiga falo sai a cikin kofi, kofin ma a kan faranti. Ni na kafa dokokin, amma da yake kullum ina yawon neman aiki, uwarku ce take tsare su. Muryarta kuka riƙa ji tana cewa a cire takalmi, shi ya sa kuka ɗauka ita ce mai tsanani.

Ana haka babana ya rasu, na je na ɗauko Mama. Ku 'yan birni ne, ba ku san ko wace ce kakarku ba. A ƙauyenmu da ƙauyuka uku da ke kewaye, ba a yi wa amarya daɓen ɗaki sai an kira ta. Za a zuba jar ƙasa da tsakuwa, mata su jeru a gwiwa da madaɓi, wato guntun ice mai faɗi, suna bugu suna waƙa, ita ce mai ba da waƙar kuma ita ce mai cewa ya isa ko bai isa ba. Sannan a kawo makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa kwana da kwanaki har ya yi ja ya yi duhu, a yayyafa, a sake bugu. Daɓen Mama yana shekara goma bai tsage ba. Matar da duk ƙasar ɗakunan garinmu ta bi ta hannunta, ita na kawo na ajiye a kujera na ce ta huta.

Ba ta iya hutun ba, jininta ɗaya ne da nawa. Ta shiga kicin, risho ya ba ta tsoro. Ta nemi gona, babu ko taku goma a bayan gida. Washegarin zuwanta ta ɗauki tsintsiya da kwanon ruwa za ta yayyafa kafin shara, yadda kowace mace mai hankali take yi a garinmu. Uwarku ta taho da gudu.

"Mama, yi haƙuri, Baban Ladi ya ce banda ruwa."

"Banda ruwa? Wane irin ɗaki ne wannan mai gudun ruwa kamar akuya?"

"Haka katakon yake, Mama. Kawo in share."

"To ni me zan yi?"

"Ki huta, Mama."

Kalmar nan ta hutu, Allah ya sani, mun kashe ta da ita. Takan zauna a bakin kujera ta ɗage ƙafafu kamar mai tsoron kada ƙasa ta ƙone ta, hannayenta suna ta motsi a cinya.

Da rani ya yi nisa, zafi ya sauko, katakon ya tsuke kamar yadda ya saba. Tsakanin guntayen aka samu 'yan ramuka, wani wurin tsinken ashana zai shiga. Ni ban damu ba, na san da ruwan sama ya sauka iska ta yi laushi za su koma su haɗe. Mama kuwa tana zaune tana kallonsu kullum. Wata safiya ta tare ni ina ɗaura takalmi.

"Bitrus, ɗakinka yana tsagewa."

"Ba komai, Mama."

"Da komai. In ɗaki ya fara buɗe baki, ba a barinsa. Ƙuma za ta shiga, gara ta biyo."

"Na ce ki bar shi, Mama, na makara."

Minti biyu ya ishe ni in zauna in gaya mata yadda katako yake numfashi, ya tsuke da rani ya kumbura da damina. Da ta gane, don ta fi ni sanin halin ƙasa da ruwa. Ban yi ba. A raina na ce me tsohuwa ta sani game da katako.

A makon nan ne wani dattijon cocinmu, Baba Ayuba, mutumin Filato da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya ce zai zo ranar Asabar da matarsa su ga falon, don yana gini a Barnawa kuma yana son irinsa a ɗakuna huɗu. Wannan ne aiki na farko na kirki da ya leƙo ni tun rufe masaƙa. Na kasa zaune na kasa tsaye. A wurin cin tuwo na faɗa, na sake faɗa, na ce ranar Asabar ko ƙuda kada ya sauka a falon nan. Mama tana ji. Na ga wani tsohon bokitin fenti a bayan kicin cike da jan ruwa, da wani a gefensa, na ɗauka jiƙon maganin gwiwarta ne. Ashe ta bi wata mai sayar da daddawa har gida ta roƙo ɓawon ɗorawa. Ashe madaɓinta ma yana cikin jakar da ta zo da ita daga ƙauye.

Ranar Juma'a na tafi Kakau tun da safe in zaɓi katako, don in Baba Ayuba ya amince kada a jira ni. Uwarku ta tafi taron zumuntar mata a Nasarawa. Ku kuma daga makaranta kuka wuce koyon waƙa a coci. Gida ya rage Mama ita kaɗai.

Wajen ƙarfe huɗu na dawo. Tun daga bakin layi na ji tim, tim, tim, da murya tana waƙa da yarenmu, irin waƙar da rabona da ji tun ina yaro. Har na yi murmushi. Sai na ga kujerun falo a tsakar gida. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta jawo su waje ita kaɗai. Na leƙa. Falon ya yi baƙi-baƙi, ruwan makuba kwance a kai yana ƙyalli, ta cusa jar ƙasa a kowace tsaga, ta bi da madaɓi tun daga bango har tsakiya. Duk inda ta buga ya lotsa. Gefen guntayen ya fara ɗagowa. Tana durƙushe, zani ɗaure a ƙirji, gumi har haɓa, fuskarta kuwa ban taɓa ganinta da haske haka ba tun da ta zo Kaduna.

"Tsaya daga nan, Bitrus, kada ka taka! Bai gama sha ba. Gobe baƙonka zai ga ɗaki."

Kun san fushina, kun sha shi. Amma irin na ranar nan ba ku taɓa gani ba, kuma na gode wa Allah. Na yi ihu har maƙwabta suka ji amo, sai dai ba su ji kalmomin ba. Na ce wa ya sa ta. Na ce aikin shekara biyu ta kashe a yini ɗaya. Ta ajiye madaɓin a hankali, ta dubi ƙasa, ta dube ni.

"Na ɓata ne?"

A nan ya kamata in tsaya. Tambaya ce ta gaskiya, ba ta sani ba. Amma bakina ya riga ya kwance.

"Kin ɓata! Nan ba ƙauye ba ne, ba ɗakin awaki ba ne. Ba wanda ya kawo ki gidan nan don ki yi aiki. Aikinki ki ci ki kwanta, shi ke nan!"

Na rubuta shi yadda na faɗe shi, ban rage ko harafi ba. Uwar da ta goya ni tana daɓen ɗakunan mutane don a ba ta hatsi, ita na ce wa aikinta ta ci ta kwanta.

Ta ce, "To."

Na juya, sai ga uwarku a bakin ƙofa da anko na zumunta, jaka a hannu. Ta ji komai. Ita kaɗai ce ta ji.

"Baban Ladi, Mama ce fa."

"Ke ma rufe mini baki, ki kawo tsummoki!"

Muka yi ta tsane ruwa da tsofaffin zannuwa da buhuna. Mama ta miƙa hannu za ta ɗauki tsumma ɗaya, na ce kada ta taɓa. Ta tashi da ƙyar, ta dafa bango, ta wuce ɗakinta. Da kuka dawo aka ce muku ruwa ne ya zube, ku bi ta ƙofar baya.

Da gari ya waye falon ya tashi kamar kunyar doya. Guntaye sun ture juna sun ɓalle daga kwalta, tsakiyar ɗakin ya yi tudu. Na aika wa Baba Ayuba cewa ba ni da lafiya. Na ɗauki kurfi da guduma na shiga ɓamɓarewa. Ina ciki ina jin uwarku a tsakar gida tana kuka tana roƙo.

"Mama, don Allah, na durƙusa. Zafin rai ne, kin san ɗanki. Ki bari ya huce."

"Tashi, 'yata, ba ke ba ce. Damina ta kusa, gonata tana jira."

Ba wata gona, mun riga mun ba da ita aro. Can sai inuwa ta tsaya a bakin ƙofar falo. Ba ta shigo ba, ta tsaya daga waje, ta yi shirin tafiya tsaf.

"Bitrus, na tafi."

Ina da guduma a hannu. Da na ajiye ta, na taka taku huɗu, na ce Mama na yi kuskure, da ba a rubuta wannan babin ba. Kunya ce ta riƙe ni, da girman kai, da haushin da bai gama sauka ba. Ko kai ban ɗaga ba.

"A sauka lafiya."

Uwarku ta ga ba za ta bar tsohuwa ta ja kaya ita kaɗai ba, ta ɗora jakar a ka ta raka ta tasha. Abin da kuka gani ke nan ta taga, ku uku: uwarku a gaba da jaka, kakarku a baya tana ɗingishi. Abin da maƙwabta suka gani ke nan. Daga nan labarin ya tashi, ya riga motar isa ƙauye.

Wata biyu na yi ina gyara. Na ciro guntayen ɗaya bayan ɗaya, na kankare ƙasar, na jera su a inuwa suka bushe a hankali, don in ka sa jiƙaƙƙen katako a rana murɗewa yake yi. Na fere, na sake shimfiɗawa, na bi da sanfefa. Lotsawar madaɓi ta fita, amma makuba ta riga ta shige cikin naman itacen, ba sanfefar da za ta cire ta. Da na shafa kaki, falon ya fito ja mai duhu kamar goron da aka tauna. Na ce shi ke nan, ya lalace. Baba Ayuba ya zo daga baya, ya tsaya a bakin ƙofa ya riƙe baki.

"Kai, Malam Bitrus! Wannan kalar daga ina? Irinta nake so, ba waccan fara-farar ba."

Na ce sirrin sana'a ne. Kun ji ni? Sirrin sana'a! Daga ranar duk falon da na yi a Barnawa da Narayi da Sabon Tasha, sai na tsoma tsumma a makuba, na matse, na shafa wa kowane guntu tun kafin a shimfiɗa, na bar shi ya bushe. Da wannan kalar aka san ni, da ita kuka yi makaranta. Ban taɓa gaya wa kowa daga hannun wa na same ta ba, har ita mai hannun.

Da Kirsimeti na je ƙauye da turmin zani da shinkafa, wai su ne za su yi magana a madadina. Mama ta tarbe ni, ta dafa mini miyar karkashi, ta tambayi kowannenku da suna. Na ce ta shirya mu koma. Ta yi 'yar dariya.

"Gidanka yana da kyau, Bitrus. Ni ce dai ban san inda zan sa ƙafa ba."

Yayata Talatu, antinku, tana gefe tana tsinke zogale. Ta taɓe baki.

"Ashe matarka ta ba ka izini ka zo? Ita da ta ɗauki kayan uwarmu a ka ta kai tasha."

Na dubi Mama. Mama ta dubi wuta. Ba za ta taɓa faɗa wa duniya abin da ɗanta ya ce mata ba, ko za a yanka ta. Ta bar mini fili in faɗa da kaina. Ni kuwa na ce:

"Yaya, a bar maganar nan."

Kun san abin da wannan yake nufi a wurinmu. In namiji ya ce a bar maganar, ya amsa ke nan, yana dai rufa wa matarsa asiri. Da kalma huɗu na ɗora wa uwarku kayan, har aka riƙa yabona wai ni mai haƙuri ne.

Damina ta biyu Mama ta rasu. Ba ta sake taka Kaduna ba. Muka tafi dukanmu, kuna ƙanana, an bar ku wurin maƙwabta a can ƙauyen, ba ku ga wannan ba. Matan gida sun taru za su shiga su shirya ta, uwarku ta ɗaura ɗankwali ta bi su da sabon farin yadi da ta saya. Talatu ta tare ƙofa da hannu, a gaban matan zumunta, a gaban dattawa, ta ɗaga murya.

"Hannun da ya kore ta ba zai taɓa ta ba. Koma waje!"

Ina zaune a benci tare da maza, bai fi taku goma ba. Uwarku ba ta yi gardama ba, ba ta yi kuka ba. Ta juyo ta dube ni. Ba harara ba ce, jira ne. Ta ba ni lokaci, Allah ya sani ta ba ni, har wani dattijo ya yi tari. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Ta naɗe yadin, ta miƙa wa wata yarinya, ta koma bayan gida wurin masu wanke tukwane. Can ta yini har aka rufe Mama.

Shekara nawa ke nan, ba ta taɓa tayar da maganar ba, ko da muna faɗa. Kowace Asabar tana goge falon nan da hannunta har gwiwa ta hana ta. Da kuka ce in fasa katakon a sa tayil don ya fi sauƙi, na yi ta masifa ina cewa ba ku san darajar madaci ba. Ba madaci ba ne. Ina jin tsoro ne in ɓamɓare shi in rasa abin da zan riƙa gogewa maimakon in buɗe baki.

Jiya da rana na same ta a baranda tana tsintar wake. Na ce mata na rubuta abin da ya faru, duka, don yara su sani. Na miƙa mata takardun. Ba ta karɓa ba, hannunta bai bar tire ba.

"Yanzu, Baban Ladi?"

Na ce na san na makara.

"Ni ba sai na karanta abin da na gani da idona ba. Yara kuma nawa ne, ko sun zage ni za su dawo. Talatu tana da rai, kunnenta ɗaya yana ji. Cikin matan da suka tsaya a tsakar gidan nan, akwai sauran biyar ko shida. Ba takarda za ka aika musu ba. A gabansu ka yi shiru, a gabansu za ka yi magana."

Na ce zan tafi ranar Asabar, in kwana, in tsaya bayan sujada ranar Lahadi in faɗa. Sannan na tambaye ta abin da ban taɓa tambaya ba, na ce ko ta yafe mini.

Ta hure ƙaiƙayin da ke cikin waken, ta ce in je in dawo tukuna.